Tsakuwar 'yan wuya da warin baki: a fara gano inda warin yake fitowa

Mutane da yawa suna da wani abu da ba su taɓa gaya wa kowa ba. Lokaci zuwa lokaci, idan suka yi tari ko atishawa, wani ɗan dunƙule fari-fari ko rawaya-rawaya yakan faɗo musu a kan harshe. Girmansa bai wuce kan ashana ba. Wani mai taushi ne, wani da ɗan tauri, amma idan aka murje shi tsakanin yatsu biyu sai ya ba da ɗoyin da mutum zai yi mamakin a ce daga jikinsa ya fito. Daga ranar da ya shinshina shi, sai tunani ɗaya ya zauna masa a rai: ashe haka bakina yake, ashe abin da mutane ke shaƙa ke nan duk lokacin da na buɗe baki. Sai ya fara magana yana kare baki da hannu, yana ja da baya idan aka matso, ba ya rabuwa da cingam, kuma kowane dare yana gaban madubi da tocila yana leƙen maƙogwaronsa.

Wannan hukuncin da mutum yake yanke wa kansa shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin, domin sau da yawa ba daidai ba ne, ko kuma rabinsa ne kawai daidai. Wannan dunƙule, wanda ake kira tsakuwar 'yan wuya, yana da ɗoyi, wannan babu musu. Amma ɗoyin tsakuwar da aka murje a hannu daban, warin numfashin da yake isa hancin wanda ake magana da shi daban. Wanda ya haɗa su ya mai da su abu ɗaya, ƙarshenta ko dai ya yi ta tonon maƙogwaronsa har ya ji masa ciwo, ko ya nufi tiyata alhali asalin warin yana nan zaune a bayan harshensa.

'Yan wuya, waɗanda likitoci ke kira tonsil, wasu tsokoki ne guda biyu a can ƙarshen baki, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, beli yana rataye a tsakaninsu. Suna cikin jerin naman garkuwar jiki da ya kewaye mashigar maƙogwaro. Akwai irinsu a bayan hanci, akwai a gindin harshe. Wani masanin sassan jiki ɗan Jamus, Wilhelm Waldeyer, shi ya bayyana wannan zobe a 1884, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Aikinsu shi ne su tari ƙwayoyin cutar da ke shigowa ta baki da hanci, su gabatar da su ga garkuwar jiki ta san su. Saboda wannan aiki ne ba a halicce su sumul ba. Kowace ɗaya tana da ramuka fiye da 10, wasu masu zurfi da rassa, domin ta sami faɗin da za ta haɗu da abin da ke wucewa. Sun fi aiki a lokacin ƙuruciya, sannan su fara ƙanƙancewa bayan balaga.

Waɗannan ramuka su ne tushen labarin. Fatar da ta lulluɓe cikin baki kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta tana yin sababbi. Majina tana gangarowa daga bayan hanci. Fararen ƙwayoyin jini da suka gama yaƙi suna mutuwa a wurin. Ɓurɓushin abinci ma yakan shiga, kodayake ba shi ne mafi yawa ba kamar yadda ake zato. A wurin yawancin mutane, haɗiya da miyau suna wanke duk wannan ya wuce ciki ba tare da sun sani ba. Amma idan ramin yana da zurfi kuma bakinsa ƙarami ne, ko kuma ciwon maƙogwaro da aka sha yi a baya ya bar tabo ya lauya shi, sai tarkacen ya maƙale. Bakteriya su zauna a kansa su hayayyafa. Da daɗewa sai gishirin kalsiyam da fosfet da ke cikin miyau ya riƙa taruwa a jikinsa, ya sa shi tauri. Yawancin tsakuwoyin da ke samuwa ta haka ba su wuce milimita 1 zuwa 5 ba, kodayake jefi-jefi akan sami wadda ta kai santimita biyu ko uku.

Abin ya fi yadda ake tsammani yawa. A wani bincike da aka buga a 2014 daga Japan, an duba hotunan cikin jiki na na'urar CT na mutum 2,873 da aka ɗauka saboda wasu dalilai daban, aka sami tsakuwar a kusan kashi 40 cikin 100 na hotunan. Wannan ya nuna cewa ɗimbin mutane suna yawo da ita can cikin rami ba ta dame su ba, ba su ma san da ita ba. Ya kuma nuna cewa samun ta ba shaidar ƙazanta ba ce. Za ka ga wanda yake goge baki safe da dare yana fama da ita, ka ga wanda bai damu da buroshi ba bai taɓa ganin ta ba. Siffar ramukan ce ta bambanta su. Ba a kuma ɗaukar ta daga wani, ko ta sumba, ko ta shan ruwa a kofi ɗaya. Wanda ya haɗiye ta bisa kuskure, babu abin da zai same shi.

Inda maganar ta fi ɗaukar hankali shi ne abin da ke faruwa a cikin tsakuwar kanta. A 2009, Paul Stoodley da abokan aikinsa a Amurka sun auna tsakuwoyin da aka ciro daga marasa lafiya da wasu 'yan siraran na'urori, suka tarar ba matattun dunƙulaye ba ne. Al'umma ce ta bakteriya mai rai, a haɗe cikin wani yauƙi da su da kansu suke yi. Waɗanda ke waje suna shanye iskar oksijin, saboda haka tsakiyar ta zama wurin da babu iska sosai. Da aka zuba musu sukari, sai suka fara fitar da tsami, alamar suna nan suna ci suna aiki. Kafin nan, a 2006, wasu masu bincike a Japan sun gano irin bakteriyar da ke ciki, irin su Fusobacterium da Prevotella da Porphyromonas, waɗanda duk ba sa son iska. Abincinsu furotin ne. Idan suka narkar da shi, musamman sassansa biyu masu ɗauke da sinadarin farar wuta, sistin da metiyonin, sai su saki iskoki masu ɗoyi. Ɗaya ita ce haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ɗaya kuma metil makaftan, wadda ta fi ta muni, kuma hancin ɗan Adam yana jin ta ko da ɗan mitsitsi ne a cikin iska. Joseph Tonzetich na Jami'ar British Columbia a Kanada shi ne tun farkon shekarun 1970 ya nuna da awo cewa waɗannan iskoki su ne ƙashin bayan warin baki.

To a nan ne ya kamata a tsaya a lura. Waɗannan bakteriya ba a cikin tsakuwa kaɗai suke zaune ba. Su ɗin ne dai suke zaune a can bayan harshe, inda fatar take da kaushi da lunguna, inda farin datti yake kwanciya. Su ne kuma suke cikin ratar da ke tsakanin haƙori da dasashin da ya kumbura. Bayan harshe fili ne mai faɗi, a buɗe, kuma duk numfashin da ya fito sai ya bi ta kansa. Tsakuwa kuwa 'yar ƙarama ce, sau da yawa a binne cikin rami. Shi ya sa alƙaluman asibitocin da suka ƙware a kan warin baki suke nuna abin da suke nunawa. A birnin Leuven na Beljiyam, Marc Quirynen da abokan aikinsa sun tattara bayanan mutum 2,000 da suka zo da kukan warin baki, suka buga a 2009. Kashi 76 cikin 100 matsalarsu daga cikin baki take: kashi 43 dattin harshe ne kaɗai, kashi 11 ciwon dasashi, kashi 18 duka biyun, ragowar kuma wasu matsalolin baki ne. Abin da ya shafi hanci da maƙogwaro da sauran sassan jiki gaba ɗaya bai wuce kashi 4 ba. Sannan kashi 16 na mutanen, da aka auna su, ba a sami wani wari ba sam.

Wannan ba ya nufin tsakuwar ba ta da laifi. Wani bincike daga Brazil da aka buga a 2008 ya duba mutum 49 masu yawan taruwar wannan abu a 'yan wuya. A cikin waɗanda awo ya nuna iskar farar wuta ta yi yawa a numfashinsu, kashi 75 suna da tsakuwa a lokacin awon, alhali a cikin waɗanda numfashinsu yake daidai kashi 6 ne kawai suke da ita. Mutanen ba su da yawa, amma saƙon a fili yake: idan tsakuwa tana nan a bakin rami, tana iya sa wari na gaske. Sai dai a lura da ɗaya gefen wannan binciken: mafi yawan mutanen 49 ɗin, duk da cewa suna da matsalar, numfashinsu daidai ya fito a ranar da aka auna su. Warin tsakuwa yana zuwa ne yana tafiya. Wanda warin bakinsa kullum yana nan, safe da rana, ko akwai tsakuwa ko babu, to ya nemi wani dalilin ƙari a kanta.

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a maganar warin baki mai ɗakin shi ne wanda ya fi kowa rashin sani. Hanci yana sabawa da warin da yake tare da shi kullum har ya daina jin sa, shi ya sa masu warin baki na gaske da yawa ba su san suna da shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, mai tsakuwa yana jin ɗanɗano mara daɗi a maƙogwaro, kuma ƙamshi ko wari yana iya hawa hanci ta baya daga cikin baki, sai ya ji abin da babu wanda yake ji sai shi. Hura iska a tafin hannu a shinshina ba ya nuna komai. Kallon fuskokin mutane ya fi wannan ma ɓatarwa: wani ya sosa hanci, wani ya juya kai don an kira shi, wani ya miƙo cingam don yana ci, sai mai damuwa ya ɗauka duk da shi ake. Akwai waɗanda wannan tsoro ya hana su neman aure, ya hana su magana a taro, ya raba su da abokai, a kan warin da ba ya nan. Likitoci sun san wannan hali, suna kuma ɗaukar sa a matsayin matsala mai zaman kanta da ke buƙatar kulawa, domin akwai wanda ko an cire masa 'yan wuyan gaba ɗaya ba zai daina jin yana wari ba.

Hanyar da ta fi inganci tana da nauyi a zuciya, amma ita ce hanya: a nemi mutum ɗaya da aka amince da shi, wanda ba zai ɓoye gaskiya don kara ba, ba zai kuma yi dariya ba, a roƙe shi ya faɗi abin da ya ji. Kada a yi da sassafe kafin a ci komai, domin miyau yana raguwa a cikin barci, kusan kowa yana tashi da wari. Kada kuma a yi bayan an gama goge baki. A yi da tsakar rana, a maimaita a ranaku daban-daban, a lura ko warin yana zuwa ne a ranakun da ake jin tsakuwa. A gwada fitar da numfashi ta baki, sannan a rufe baki a fitar ta hanci. Idan ta baki kaɗai ake jin wari, daga baki ko maƙogwaro yake. Idan ta hanci ya fi, a duba hanci da kogunansa. Idan duka biyun iri ɗaya ne, to ana iya zargin daga jini yake fitowa ta huhu, kamar yadda yake faruwa a ciwon suga da ya tsananta ko ciwon hanta ko na ƙoda, kuma wannan maganar likita ce. Ko a asibitocin ƙwararru, duk da akwai na'urorin auna iskar farar wuta, hancin likitan da aka horar shi ne ma'aunin da aka fi dogara da shi.

Da yawa kuma sukan ɗora wa ciki laifi. Hanyar da abinci ke bi zuwa ciki a rufe take in ba lokacin haɗiya ko gyatsa ba, saboda haka iskar ciki ba ta bin numfashi a kowane lokaci. Mai fama da ƙwannafi sosai yana iya samun ɗan wari da kaushin maƙogwaro, amma a mafi yawan mutane ciki ba shi da hannu.

Idan an tabbatar akwai wari, inda za a fara shi ne harshe da dasashi, ko da tsakuwa tana nan ana ganin ta. A goge haƙora sau biyu a rana, a bi tsakaninsu da zaren sakace ko ɗan siririn buroshi, domin buroshi na gama-gari ba ya shiga nan. A kankare harshe a hankali sau ɗaya a rana, da abin kankare harshe ko buroshi mai taushi, daga can baya a jawo gaba. Bayan harshen shi ne wurin da ya fi muhimmanci, shi ne kuma wurin da kowa ke gudu saboda yunƙurin amai; wannan yunƙuri yana raguwa idan aka saba, kuma fitar da numfashi a lokacin da ake kankarar yana taimakawa. Kada a danna da ƙarfi har harshe ya yi ja. Wanda dasashinsa yake jini idan ya goge baki, ko yake da ruɓaɓɓen haƙori, to likitan haƙori zai fara gani kafin kowa. Duk wannan yana taimaka wa 'yan wuyan ma, domin yana rage yawan bakteriya da tarkacen da ke isa ramukan.

Bushewar baki abokiyar wannan matsala ce babba. Miyau shi ne yake wanke baki dare da rana, yana kuma ɗauke da iskar da waɗannan bakteriya ba sa so. Duk abin da ya rage shi yana ƙara wari: ƙarancin shan ruwa, daɗewa ba a tauna komai ba, shan taba, barasa, barci da baki a buɗe, da wasu magunguna irin na mura da ƙaiƙayi, na damuwa, da masu sa yawan fitsari. Mai toshewar hanci na dindindin yana shan wahala ta hanya biyu: yana numfashi ta baki, baki yana bushewa, ga kuma majina tana gangarowa ta baya tana ciyar da bakteriyar. Irin wannan mutum, idan aka magance masa hancin, sau da yawa maƙogwaron ma yana samun sauƙi. Wanda kuma yake zargin wani magani da likita ya ba shi, ya koma ya faɗa, kada ya daina sha da kansa.

Game da fitar da tsakuwar kuwa, yawancinsu da kansu suke faɗowa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ruwan ɗumi da gishiri, kamar rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya, a ɗaga kai a bar shi ya yi ta ɓuɓɓuga a can maƙogwaro, sannan a tofar. Yin haka bayan cin abinci da kafin barci yana kaɗa ramukan, yana kuma rage kumburi. Tari mai ƙarfi yakan fitar da wadda ta riga ta saki. Idan tana nan a fili ana ganin ta, ana iya jiƙa tsinken auduga, a wanke hannu, a tsaya inda akwai haske, a danna naman da ke ƙasanta ko gefenta a hankali har ta zamo. Ana kuma iya amfani da sirinji marar allura ko na'urar fesa wa haƙora ruwa, amma a kan mafi ƙarancin ƙarfinta, domin ƙarfin da ya dace da haƙori yana iya yaga 'yan wuya. Idan an gwada sau biyu ko uku ba ta fito ba, ko an ga jini, a bari.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne tono da abu mai tsini: tsinken sakace, allura, fil, farce, ko kan biro. 'Yan wuya nama ne mai taushi da jijiyoyin jini masu yawa. Duk raunin da aka yi musu ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma idan ya warke yana barin tabo, tabon kuma yana ƙara lalata siffar ramin. Ko ba da abu mai tsini ba, matsa su kullum yana sa su zauna a kumbure. Wanda ya mai da leƙen maƙogwaro aikinsa na kowane dare zai riƙa jin kamar wani abu ya tsaya masa a wuya ko da babu komai, sai ya ƙara tono, abin ya zama zagaye. Sau ɗaya a mako, ko lokacin da aka ji alamarta, ya wadatar.

Ruwan kurkure baki da ake sayarwa ba duka ne iri ɗaya ba. Mai ƙamshin minti kawai yana rufe wari na ɗan lokaci ne, mai barasa da yawa kuma yana iya ƙara busar da baki. Waɗanda ke aiki su ne masu sinadarin da ke rage bakteriya, kamar kulohezidin da setilpiridiniyam, ko masu zinki, wanda yake kama iskar farar wuta ya hana ta tashi. Kulohezidin shi ne mafi ƙarfi, amma idan aka daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora da harshe, yana kuma canza ɗanɗano, saboda haka na ɗan lokaci ne bisa shawarar likitan haƙori. Shan maganin antibayotik kuwa don tsakuwa kaɗai asara ce. Yauƙin da bakteriyar suka lulluɓe kansu da shi yana hana magani shiga sosai, kuma ramin da ya tara tarkacen yana nan yadda yake. Wari zai iya lafawa na 'yan kwanaki, ya dawo, a bar mutum da ƙwayoyin cutar da suka koyi jure wa magani. Wurin antibayotik shi ne lokacin da 'yan wuyan suka kamu da ciwo na gaske, kuma likita ne zai tantance.

Akwai waɗanda sun yi duk wannan watanni, an kuma tabbatar warin daga 'yan wuya yake, amma tsakuwa tana ta dawowa. Su ne ya dace su zauna da likitan kunne, hanci da maƙogwaro a yi maganar tiyata. Hanya ɗaya ita ce a shafe bakin ramukan da hasken leza ko da wata na'ura mai narkar da nama ba tare da zafi mai yawa ba, yadda za su zama a buɗe ba sa riƙe komai. Sau da yawa kashe wurin kawai ake yi ba tare da an sa mutum barci ba, ciwon bai kai na cirewa ba, amma wani lokaci sai an maimaita, kuma tsakuwa tana iya dawowa. Ɗaya hanyar ita ce cire 'yan wuyan ɗungurungum. Aiki ne daɗaɗɗe, tun ƙarni na farko Celsus ya bayyana shi a Rum, kuma shi ne kaɗai yake kawar da ramukan gaba ɗaya. Sai dai a wurin babba ba ƙaramin abu ba ne. Ana sa mutum barci, haɗiya tana yin zafi sosai na kusan mako biyu, kuma a cikin kowane mutum 100 akwai 'yan kaɗan da jini yake ɓalle musu, galibi tsakanin kwana 5 zuwa 10 bayan aikin, lokacin da ɓawon ciwon yake faɗuwa. Wasu har sai an mai da su ɗakin tiyata. Shi ya sa likitoci suka fi saurin yarda da cirewa idan akwai ciwon maƙogwaro mai yawan dawowa. Ma'aunin da aka fi sani, wanda ya fito daga binciken Jack Paradise a kan yara a Pittsburgh a 1984, shi ne sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku. A ganina, wanda tsakuwa ta hana shi sakewa cikin mutane shekara da shekaru yana da haƙƙin a saurare shi ko bai cika wannan ƙidaya ba, domin kunya da kaɗaici ma ciwo ne. Amma sharaɗin shi ne a riga an gyara harshe da dasashi da hanci, kuma wani ban da shi ya tabbatar da warin.

Tsakuwar kanta ba ta zama kansa, kuma alamunta ba su wuce wari, ɗanɗano mara daɗi, jin abu a wuya, ɗan tari, da wani lokaci ciwon kunne ba. Ciwon kunnen yana zuwa ne domin jijiya ɗaya ce take kai saƙo daga 'yan wuya da kuma cikin kunne, sai ƙwaƙwalwa ta kasa bambance inda zafin yake. Haɗarin shi ne wanda ya saba da tsakuwa ya riƙa ɗora mata duk abin da ya gani a maƙogwaronsa. Fari-fari a kan 'yan wuya tare da zazzaɓi da zafin haɗiya da kaluluwa a wuya, wannan ciwo ne, kuma idan bakteriyar da ake kira sitiref ce aka bar ta ba magani, tana iya taɓa zuciya daga baya, musamman a yara. Toka-tokar fata da ta manne ta shimfiɗu a maƙogwaro, wadda take jini idan aka taɓa, tare da kumburin wuya, alamar mashaƙo ce, kuma ba a kwana da ita a gida. Zafi mai tsanani a gefe ɗaya, baki ya ƙi buɗuwa sosai, murya ta canza, miyau yana zuba don an kasa haɗiye shi, wannan ƙurji ne ya tara mugunya a gefen ɗan wuya, shi ma asibiti a ranar. Sannan akwai alamun da ba sa zuwa da zafi sosai amma sun fi buƙatar ido: ɗan wuya ɗaya ya fi ɗaya girma kuma yana ƙaruwa, gyambo ko ciwon maƙogwaro da ya wuce mako uku bai warke ba, ƙullutu a wuya da ya ƙi tafiya, jini a miyau ba tare da an yi tono ba, ciwon kunne ɗaya da ya zauna, wahalar haɗiya, ko rama babu dalili. Kansar 'yan wuya tana da alaƙa da taba da barasa da ƙwayar cutar HPV, tana kuma kama waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko da ya shekara ashirin yana fitar da tsakuwa da kansa, likitan maƙogwaro ne ya kamata ya duba shi.